Babi na Bakwai: Rainon Ƙananan Yara a Lokacin Hunturu a Ƙasar Yauri

7.0 Gabatarwa

Wannan babi ya ƙunshi bayani a kan yadda ake kula da ƙananan yara, wato daga haihuwa zuwa shekara biyar, a lokacin hunturu. An ɗauki ƙasar Yauri ta Jihar Kebbi a matsayin misali, saboda a nan ne abubuwa uku da suke barazana ga yaro a wannan lokaci suka haɗu wuri guda, wato busasshiyar iska mai ƙura, da wutar da ake hurawa domin jin ɗumi, da kuma ruwan tafkin Kainji. Babin zai nuna cewa ɗari shi kaɗai bai cika halaka yaro ba. Mafi yawan ɓarnar tana zuwa ne daga dabarun da ake yi domin guje wa ɗarin, da kuma shagalar manya da ayyukan kaka da na rani. Saboda haka tsare yaro da sama masa abin yi aiki ɗaya ne, kuma harshe shi ne babban makamin malami wajen gudanar da shi. Ana sa ran bayan ɗalibi ya karanta babin zai iya bayyana haɗurran lokacin, ya gane alamomin cututtukan da ba a jinkiri da su, ya kuma tsara yinin ajin raino da ya dace da yanayin.

7.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara, sannan yana amfani da kalmar rani ga dukkan watannin da ba a ruwan sama. Hunturu suna ne na iskar da take busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, kuma suna ne na lokacin da take busowa, wato daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi.

Akwai bambanci tsakanin sanyi da ɗari, ko da yake a maganar yau da kullum ana musanya su. Sanyi ya fi faɗi, domin ya haɗa da sanyin ruwa da na inuwa da na damina mai danshi. Ɗari kuwa shi ne busasshen sanyin da iska take kawowa, wanda yake sa leɓe ya tsage, fata ta yi kaushi, diddige ya yi faso. Hazo shi ne ƙurar da take rufe sararin sama har a kasa hangen nesa. Wannan bambanci yana da amfani ga mai raino, domin maganin sanyi tufafi ne, amma ɗari yana buƙatar tufafi da shafa mai da yawan shan ruwa.

Raino kuma shi ne ɗaukar nauyin yaro ta fuskar ci da sha da tsafta da tsaro da tarbiyya har ya iya tsayuwa da ƙafarsa. A al'adar Hausawa ba uwa kaɗai take raino ba. Kaka da goggo da abokiyar zama da maƙwabciya duk suna sa hannu, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Haka nan akwai 'yar raino, wadda sau da yawa yarinya ce ƙarama da ake goya wa ƙaninta. A zamanin yau an sami ƙarin masu raino, wato malaman ajin share fagen shiga firamare da na makarantun Islamiyya da na allo.

7.2 Ƙasar Yauri da Yanayinta

Masarautar Yauri ɗaya ce daga cikin masarautu huɗu na Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Sauran su ne Gwandu da Argungu da Zuru. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri mai hedikwata a Yelwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, da kuma Shanga. Kogin Kwara shi ne ƙashin bayan rayuwar yankin. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda ya miƙe har zuwa wajen Yelwa. Ruwan ya cinye tsibirai da garuruwa da dama, aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni. Daga cikinsu akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma ya samo asali ne daga kalmar gungu, wato tsibiri.

Baya ga Gungawa akwai Kambari da Shangawa da Dukawa da Lopawa da Fulani da Hausawa, ciki har da Sarkawa masunta. Hausa ita ce harshen kasuwa da na cuɗanya, amma ba ita ce harshen farko na kowane yaro ba. Gunganci da Kambarci suna cikin rukunin harsunan da masana suka raɗa wa suna harsunan Kainji, shi kuwa Shanganci ɗan dangin harsunan Mande ne, kuma da yawa daga cikin Shangawa sun koma amfani da Hausa.

Wani abin lura shi ne ruwan tafkin yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan saman yankin yake kawowa a ƙarshen damina, mai gauraye da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali, sannan ya iso Kainji a watannin hunturu. Ke nan a daidai lokacin da rafukan sauran ƙasar Hausa suke ƙafewa, ruwan tafkin yana cike, yana kusa da gidaje. A wannan lokaci ne kuma manya suka fi shagala: maza suna su ko suna fadama wajen albasa da shinkafar rani, mata suna bandar kifi da sussuka da cin kasuwa. Wanda ake bari da yaro sau da yawa shi ma yaro ne.

7.3 Haɗurran Lokacin Hunturu

7.3.1 Wuta

Da asuba da kuma bayan faɗuwar rana akan hura wuta da kara ko itace a tsakar gida ko a ƙofar gida, yara su kewaye ta. A ɗaki kuma akan sa garwashi a kasko. Yaron da ya fara rarrafe ko tafiya ba ya bambance haske da haɗari. Ga kuma tukunyar kunu da ta ruwan wankan jego da murhun bandar kifi, dukkansu a ƙasa, daidai tsayin yaro. Rigunan sanyi na gwanjo da yawa na roba ne, suna saurin kama wuta, kuma in sun narke sai su manne wa fata. Bugu da ƙari, danni da jinka da kara duk sun bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa, don haka tartsatsi guda yana iya cinye unguwa.

Idan tufafin yaro suka kama wuta, kada a bar shi ya ruga da gudu. A kwantar da shi a ƙasa, a mirgina shi, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Idan ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsafta marar zafi na tsawon kimanin minti 20, ana rufe sauran jikinsa domin kada ɗari ya kama shi. Kada a ɓamɓare tufar da ta manne, kada a fasa bororon ƙunar, kada kuma a shafa manja ko man goge baki ko ƙwai ko toka. A rufe wurin da ƙyalle mai tsafta a garzaya asibiti, musamman in ƙunar tana da faɗi, ko tana fuska ko hannu ko al'aura.

7.3.2 Hayaƙi da Rufaffen Ɗaki

Garwashin da yake ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Alamominta su ne ciwon kai da jiri da amai da kasala da nauyin barci, kuma tana iya kashe masu barci ba tare da sun farka ba. Janareto ma yana fitar da ita. Don haka a fitar da kasko waje kafin a kwanta, a bar wata kafa da iska za ta riƙa shiga. Hayaƙin itace kuwa yana raunana huhun yaro. Bai kamata uwa mai goyo ta yini a bakin murhun banda da jariri a bayanta ba, in dai akwai wanda zai riƙe mata shi nesa da hayaƙin.

7.3.3 Ruwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2024 ya nuna cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro yana nutsewa shiru, ba kuka ba ihu, cikin 'yan mintoci, ko da a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Ban da bakin tafki, akwai rijiyoyin fadama da ramukan ban-ruwa da bahon wanki da aka bari cike.

Tafiya a jirgin ruwa ma tana da nata haɗarin. A watan Mayu na shekarar 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nutse a kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa, ciki har da mata da yara. A hunturu kuwa hazo yana rage gani, iska tana tayar da igiyar ruwa, ga kututturan itatuwan da tafkin ya cinye suna nan a ƙarƙashi. Ya kamata malami ya riƙa nusar da iyaye su guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, da tafiyar dare ko ta cikin hazo, su kuma nemi rigar kariya daga nutsewa.

Akwai darasi daga ƙasar Bangaladash, mai yawan koguna da tafkuna. A can an lura cewa yara sun fi nutsewa da hantsi zuwa azahar, lokacin da iyaye mata suke tsakiyar aiki. Sai aka kafa gidajen raino na unguwa da ake kira Anchal, inda wata mace daga cikin unguwar take tara yara daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, tana koya musu wasa da waƙa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan raino cikin shawarwarinta na hana nutsewar yara. Abin da wannan ya nuna shi ne ajin raino da kansa garkuwa ne.

7.4 Cututtukan da Malami Zai Sa wa Ido

Malami ba likita ba ne, aikinsa shi ne ya gane alama da wuri, ya sanar da iyaye, ya nuna musu hanyar asibiti.

(i) Mura da ciwon haƙarƙari. Mura da tari da majina sun zama ruwan dare a hunturu, kuma yawanci suna wucewa da kansu. Abin tsoro shi ne ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, wanda ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ya kashe yara fiye da 740,000 'yan ƙasa da shekara biyar a shekarar 2019. Ana gane shi ta hanyar ƙirga numfashin yaro na minti guda yana cikin natsuwa. Numfashi 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, duk saurin numfashi ne. Idan ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki yayin jan numfashi, ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ba a kwana da shi a gida.

(ii) Sanƙarau. Arewacin Nijeriya yana cikin zirin ƙasashen sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha. Cutar tana fara ɓulla a hunturu, ta tsananta a bazara, saboda busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma yana sauƙaƙa yaɗuwarta. Annobar shekarar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. An sake samun ɓarkewarta a shekarar 2017 a jihohin da suka haɗa da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, haka nan a shekarar 2025 a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega. A shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Alamomin su ne zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya da amai da taune-taune. Ga jariri kuwa akan ga maɗiga ta kumbura, yana kuka mai tsanani, ya ƙi nono.

(iii) Ƙyanda, wadda ake sakayawa da sunan baƙon dauro. Ta fi yaɗuwa a watannin rani. Ana yi wa yaro allurarta yana ɗan wata 9, a maimaita yana ɗan wata 15. Yaron da ta kama a ware shi daga aji, a kai shi asibiti.

(iv) Zazzaɓin cizon sauro. A bakin tafki da fadamun noman rani sauro ba ya ɗaukewa gaba ɗaya. Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya gano cewa Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan ƙananan yara masu ƙwayar cutar a jini, wato kashi 49 cikin 100. A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafinta a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kuskure ne a ɗauka cewa kowane zazzaɓin hunturu sanyi ne ya shiga jiki, a kuma naɗe gidan sauro don damina ta wuce.

(v) Amosanin jini da asma. Ɗari da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon mai sikila, ƙura kuma tana tayar da na mai asma. Wajibi ne malami ya san irin waɗannan yara a ajinsa tun farkon zango.

(vi) Haɓo da kaushi. Idan yaro ya yi haɓo a zaunar da shi ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse masa tattausan ɓangaren hanci na kimanin minti 10. Man kaɗanya ko basilin ya wadatar wajen kaushi da faso da tsagewar leɓe.

7.5 Tsarin Yini a Ajin Raino

Bugun shekarar 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi cewa wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a ajin share fage, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta wannan shekarar ita ma ta sanya rainon ƙananan yara cikin shirin. A ƙauyuka da yawa yaran sukan zarce wannan adadi, don haka tsara lokaci shi ne abin da zai taimaki malami. Ga tsarin da ya bi yadda rana take tafiya:

(a) Da sassafe. A tarbi kowane yaro da sunansa, a dubi tufafinsa da ƙafarsa da idonsa da yadda yake numfashi. Kada a tsayar da ƙananan yara a fili domin taron safe ana cikin ɗari. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a shimfiɗa tabarma ko buhu domin kada su zauna a kan siminti. A rufe tagogin da ke fuskantar iska, a buɗe na ɗaya ɓangaren.

(b) Farkon yini. Wasannin motsa jiki a cikin aji, kamar tafi da tsalle da kwaikwayon tuƙin kwalekwale da jefa birgi da tafiyar agwagwa. Motsi yana ɗumama jiki ba tare da an hura wuta ba.

(c) Da hantsi. In rana ta yi ɗumi kuma hazo bai yi yawa ba, a fita waje a yi gaɗa ko 'yar carafke ko ginin laka, a wurin da aka shata wa iyaka. A cire rigunan sanyi masu nauyi, domin da rana zafi yakan dawo. A ƙirga yara yayin fita da yayin dawowa.

(d) Lokacin abinci. A wanke hannu da sabulu. Kunun gyaɗa ko koko mai ɗumi ya dace, a raba shi yara suna zaune, tukunya kuma tana nesa da su. A riƙa ba su ruwa ko ba su nema ba, domin a hunturu jiki yana bushewa ba tare da an ji ƙishirwa sosai ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

(e) Kafin tashi. Tatsuniya da hutawa. Ba a sallamar ƙaramin yaro ya tafi shi kaɗai in hanyarsa ta bi ta bakin ruwa.

7.6 Harshe da Adabin Baka a Matsayin Kariya

A nan ne malamin Hausa ya fi kowa rawar takawa. Yaron da yake cikin tsoro ko ciwo da harshen gidansu yake tunani. Manufar Ilimi ta 2004 ta ce a koyar da 'yan ajin share fage da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin. Manufofin gwamnati game da harshen koyarwa suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, amma gargaɗin da yaro bai fahimta ba ba ya kare shi daga komai. Malamin da aka tura ƙauyen Gungawa ko na Kambari ya kamata ya nemi iyaye su koya masa kalmomi kaɗan na harshensu, kamar wuta da ruwa da zafi da zo da tsaya da ciwo. Yin haka yana kare yaro, yana kuma nuna masa cewa harshensu yana da daraja a makaranta.

Umarni ga ƙaramin yaro ya zama gajere, mai faɗa masa abin da zai yi. “Zo nan” ya fi saurin aiki a kan “Kada ka je wajen wutar can.” Har wa yau, a koya wa yara sunayen sassan jiki da yadda za su faɗi damuwarsu: “Kaina yana ciwo,” “Wuyana ya ƙage,” “Ina jin ɗari.” Yaron da ya iya faɗin inda yake masa ciwo ya taimaki mai rainonsa.

Lokacin hunturu dama ce ta koyar da kalmomi. Ana iya gina darasi a kan kishiyoyi, kamar zafi da sanyi, jiƙaƙƙe da busasshe, kusa da nesa, da kuma amsa-kama, kamar sanyi ƙalau, zafi zau, bushe ƙamas, fari fat, fururu da ƙura. Gaisuwar lokacin ma darasi ce. Akan ce “Yaya sanyi?” a amsa da “Lokacinsa ne.” Amsar tana koyar da haƙuri da abin da ba a iya sauyawa, sai malami ya ƙara wa yara da cewa tun da an san lokacinsa, ana yi masa shiri.

Tatsuniya tana zaunar da yara wuri ɗaya tsawon lokaci. Malami yana iya ɗauko ta daga littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko daga bakin tsofaffin garin, ko ya ƙirƙiro tasa, alal misali yadda Gizo ya kwana da kaskon wuta ya ƙone rigarsa, Ƙoƙi ta cece shi. A kauce wa tsoratarwa mai yawa da dodon ruwa, domin yaron da zai girma a bakin tafki girmama ruwa yake buƙata, in ya tasa kuma a koya masa iyo a hannun babba. Kacici-kacici shi ma yana kaifafa tunani, kamar a ce: “Ina ci ba na ƙoshi, in na sha ruwa in mutu,” amsa ita ce wuta. Daga nan sai a shiga tattaunawa a kan yadda ake kashe ta.

7.7 Tallafa wa Yaro da Iyayensa

Ba kowane gida ne yake da halin sayen rigar sanyi ba. Malami mai hikima ba ya kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa saboda ya zo da riga ɗaya ko fuska fururu. Sai ya shawarci uwa ta haɗa masa riguna biyu ko uku marasa nauyi, da hula da takalmi, ta jinkirta wanka har rana ta fito, ta gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannunta. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya tara tufafin da yara suka girme wa a raba a asirce.

'Yan raino su ma yara ne masu buƙatar kulawa. Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta iya ceto ƙaninta daga ruwa ko wuta ba, kuma bai dace a ɗora mata laifin abin da ya fi ƙarfinta ba. Inda makaranta ta buɗe ajin raino, ita ma ta sami damar zama a nata ajin. Haka nan akwai 'ya'yan masunta masu bin ruwa da na makiyaya, waɗanda Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, da aka kafa a shekarar 1989, take da alhakin karatunsu. Irin waɗannan yara sukan zo a tsakiyar zango, ba su san kowa ba, wani lokaci ba su cika alluran rigakafi ba. Malami ya karɓe su da sakin fuska, ya tambayi katin rigakafinsu, ya haɗa iyayen da ma'aikacin lafiya. Ƙananan almajirai da suke kwana a zaure ko a shago su ma suna cikin waɗanda ɗari da wuta suka fi shafa, don haka yana da kyau a yi shawara da malamansu cikin girmamawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai unguwa da liman da sarkin ruwa da ungozoma duk suna da murya a gari fiye da baƙon malami. Ta hannunsu ne za a iya rufe rijiyoyi, a kewaye murhun banda da shinge, a kuma shirya karɓa-karɓar raino tsakanin matan unguwa a ranakun kasuwa.

7.8 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar hunturu da ɗari da raino, aka kawo yanayin ƙasar Yauri inda cikar tafki take haɗuwa da lokacin ɗari da shagalar manya. An yi bayanin haɗurran wuta da hayaƙi da ruwa, da cututtukan da suke buƙatar gaggawa, sannan aka kawo tsarin yini da rawar da harshe da adabin baka suke takawa. Abin da ake so malami ya riƙe shi ne ya san inda kowane yaro yake da abin da yake yi a kowane lokaci, ya kuma yi magana da shi da harshen da yake ji. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

7.9 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin sanyi da ɗari da hunturu, tare da misalai a cikin jimloli.
2. Me ake nufi da farin ruwa da baƙin ruwa a tafkin Kainji, kuma mene ne dangantakarsu da tsaron yara?
3. Kawo matakai huɗu da za a bi in yaro ya ƙone, da abubuwa uku da ba a yi.
4. Ta yaya malami zai gane saurin numfashi ga yaro ɗan wata 8 da ɗan shekara 3?
5. Tsara darasin minti 20 ga yara 'yan shekara huɗu a kan “wuta”, ta amfani da tatsuniya da amsa-kama.
6. Aikin fili: a lokacin koyon aikin koyarwa, a tattaro kalmomi 15 da suka shafi hunturu a Hausa, a nemo takwarorinsu a wani harshe na yankin daga bakin masu harshen.